DFC Prag: Kulob Ɗin Da Sunansa Bai Cece Shi Ba

A wannan makon zan ɗan jingine maganar littattafai da marubuta in ja ku zuwa filin ƙwallo, amma kada masu jiran ci gaban labari su ce na yi musu fashi, domin abin da na zo da shi ɗin ma labari ne, har ya fi irin wanda muke ƙagowa ɗaure kai. Bambancinsa da namu shi ne wannan ya faru da gaske, kuma da yawa daga cikin mutanen da abin ya faɗa wa ba su samu ko kabarin da za a nuna a ce ga shi ba.

Duk mai zama gidan kallon ƙwallo ya san Bayern Munich, ya san Dortmund, ya san Leverkusen da ta cinye gasar Jamus a 2024 ba tare da an yi nasara a kanta ko sau ɗaya ba. To amma ka tare mafi iya musu a cikinsu ka tambaye shi su wa suka buga wasan ƙarshe na farko a tarihin gasar Jamus, za ka ga ya hau sosa ƙeya. Amsar ita ce VfB Leipzig da DFC Prag, ranar 31 ga Mayun 1903. Leipzig ɗin nan ba RB Leipzig da kuka sani ba ce, wadda kamfanin lemo ya kafa a 2009, wata tsohuwa ce daban. Ita kuwa DFC Prag, abin da zai ba ka mamaki, ko a cikin ƙasar Jamus ba ta taɓa zama ba.

Abin da ya sa na ɗauko zancen shi ne yadda ake ba da labarin kulob ɗin. Kusan duk inda aka ambace shi a matsayin abin dariya ake kawo shi: wai ga ƙungiyar da ta kai wasan ƙarshe ba ta taɓa ƙwallo ba, aka kuma yi mata ruwan ƙwallaye har bakwai. A ƙyalƙyale da dariya a wuce. Ni a ganina wannan rashin adalci ne, tamkar mutum ya ɗauki littafi mai shafi ɗari uku ya karanta babin barkwanci guda ɗaya, ya rufe ya ce ai ya san labarin. Haka kuma ban bi bayan masu son mayar da mutanen kulob ɗin waliyyai ba, don suna da nasu laifin, kuma zan faɗe shi in mun zo wurin.

Bari mu fara da garin. Prag a yau shi ne babban birnin Jamhuriyar Cek, amma a ƙarshen ƙarni na 19 yana cikin daular Ostiriya da Hangari ne, a lardin Bohemiya, sarki Franz Joseph yana can Biyana yana mulki. Mafi yawan mutanen birnin Cekawa ne masu magana da Cekanci. Sai kuma wasu tsiraru masu magana da Jamusanci, waɗanda a 1900 ba su kai kashi goma cikin ɗari na mutanen birnin ba, amma a cikinsu ake samun da yawa daga masu bankuna da masana'antu da lauyoyi da likitoci. Suna da jaridunsu, da makarantunsu, da gidan wasan kwaikwayonsu, da wuraren shan gahawarsu. Kai, hatta jami'ar birnin, wadda ta girmi duk wata jami'a a wannan yanki, sai da aka tsaga ta biyu a 1882, ɓangaren Cekawa daban na Jamusawa daban. Gari ɗaya, titi ɗaya, amma kowa da ƙofar da yake shiga.

To ga inda gizo ke saƙar. Kusan rabin waɗannan masu Jamusancin Yahudawa ne. Sun yi karatu da Jamusanci, da shi suke ciniki, da shi suke rubuta wa masoyansu wasiƙa, kuma in ka tambaye su za su ce maka su Jamusawa ne. Mu marubuta mun san ɗaya daga cikinsu, wato Franz Kafka, wanda aka haifa a Prag a 1883, ya yi duk rubutunsa da Jamusanci. Sai dai matsayinsu irin na jemage ne. Bacek yana kallonsu a matsayin Jamusawa masu danne masa harshe, Bajamushen ƙauyukan Bohemiya mai tsattsauran ra'ayi kuma yana kallonsu a matsayin Yahudawa kawai. An ga misalin haka a 1897, lokacin da firayim minista Badeni ya fito da dokar da ta daidaita Cekanci da Jamusanci a ofisoshin gwamnatin Bohemiya. Jamusawa suka tayar da ƙayar baya har sai da Badeni ya sauka a watan Nuwamba, su kuma Cekawan Prag suka fito tituna da fushi, aka farfasa shagunan Jamusawa da na Yahudawa baki ɗaya, sai da aka kafa dokar ta-ɓaci. Rana zafi, inuwa ƙuna.

A irin wannan gari aka kafa DFC ranar 25 ga Mayun 1896. Samarin da suka kafa ta sun fito ne daga sashen ƙwallo na wani kulob ɗin tseren kwale-kwale mai suna Regatta, kuma mafi yawansu Yahudawa ne masu Jamusanci. Harufan nan uku ma'anarsu Ƙungiyar Ƙwallon Ƙafa ta Jamusawa. Jesinsu shuɗi da fari, filinsu yana kan tudun Letna, inda Slavia da Sparta, manyan kulob-kulob ɗin Cekawa, su ma suke da nasu filayen. Sparta har gobe a can take wasa.

Ga laifinsu na farko a wurina. Sunan da suka zaɓa katanga ce. Ba su kira kansu da sunan unguwa ko kogi ko tsuntsu ba, da sunan harshe suka kira kansu, a garin da harshe ya zama abin da ake fasa wa mutum kai a kansa. Su ma Cekawan haka suka yi, ai sunan Slavia kansa shelar asali ce. Shi ya sa aka yi shekarun da maƙwabta masu filaye kusa da juna ba sa haɗuwa a wasa, DFC ta gwammace ta hau jirgin ƙasa ta tafi Biyana ko Jamus neman abokan karawa. Ba na cewa su suka fara, amma sun ɗora nasu tubalin a kan katangar, kuma 'ya'yan masu hali ne da ke ganin sun fi maƙwabtansu wayewa.

A fagen wasa kuwa ba a raina su. A shekarunsu na farko suna cikin ƙungiyoyin da suka fi ƙarfi a nahiyar Turai in ka cire Birtaniya. Saboda haka da aka kira taron kafa hukumar ƙwallon Jamus, DFB, a wani gidan cin abinci a Leipzig ranar 28 ga Janairun 1900, inda aka wakilci ƙungiyoyi 86, DFC tana ciki, tare da wata ƙungiyar Jamusawan Prag mai suna Germania wadda ba ta yi tsawon rai ba. A lokacin ba a ga wani abin mamaki a nan ba, don hukumar ta ɗauki kanta a matsayin ta masu Jamusanci duk inda suke. Bugu da ƙari, mutumin da ya zo daga Prag, shugaban DFC, shi aka ɗora a kujerar shugaban hukumar na farko, ya riƙe ta har 1904. Sunansa Ferdinand Hueppe, farfesan ilmin tsafta da ƙwayoyin cuta a jami'ar Jamusawa ta Prag, wanda ya taɓa aiki tare da shahararren likitan nan Robert Koch.

Wannan Hueppe shi ne mutumin da ya fi tsaya mini a rai a duk labarin. In da ni na ƙago shi a littafi, na tabbata sai masu karatu sun rubuto sun ce na cika ƙari. Shugaban kulob ɗin da Yahudawa suka kafa, suke buga masa wasa, suke biyan kuɗin tafiyar da shi, amma a rubuce-rubucensa na ilmi yana cikin masu yaɗa aƙidar cewa jinsin mutane hawa-hawa ne, akwai na sama akwai na ƙasa, kuma Yahudawa ba ya sa su a sama. Da rana yana tafa wa yaran, da dare yana zaune a teburinsa yana rubuta abin da wata rana za a kafa hujja da irinsa a hallaka su. Su kuma yaran, ko dai ba su karanta ba, ko sun karanta sun ce ai maganar malaman jami'a ce, ba za ta sauko titi ba. Mutane da yawa masu hankali sun yi wannan lissafin a wancan zamani. Hueppe ya mutu a Dresden a watan Satumban 1938, makonni biyu kafin abin ya sauko titin.

Yanzu sai babin barkwancin, tunda ba zai yiwu a tsallake shi ba. Gasar 1903 ƙungiyoyi shida ne kacal suka shiga. Aka haɗa DFC da Karlsruhe a zagayen farko, aka ce a Munich za a buga. Mutanen Prag suka nemi a dawo da wasan garinsu saboda a can za a fi samun kuɗin ƙofa, Karlsruhe ta ce ba ta san zance ba. Aka yi ta ja-in-ja har lokaci ya ƙure, sai hukuma ta ce to duk su biyun su wuce zagayen kusa da na ƙarshe su haɗu a Leipzig. Ana nan sai ga saƙon tangaraho ya iso Karlsruhe da sunan hukuma, wai an ɗage wasan. Suka yarda, suka yi zamansu a gida. Ashe saƙon na jabu ne. Ranar wasa DFC ta fito fili ba abokin karawa, aka kori Karlsruhe daga gasar, duk kukan da ta yi bai yi mata amfani ba. Ba a taɓa kama wanda ya aika da saƙon ba, amma zargi Prag ya nufa, kuma in za a bi ta wanda ya ci ribar abin, zargin bai yi nisa da hanya ba. Wannan shi ne laifinsu na biyu, ko aƙalla tabon da bai goge ba.

Ita kuwa Leipzig da guminta ta zo, ta doke Britannia ta Balin, ta doke Altona. Aka haɗu a wani filin faretin soja a Altona, kusa da Hamburg, 'yan kallo ba su wuce dubu biyu ba. Lokacin take wasa ya yi aka nemi ƙwallo mai kyau aka rasa, sai da aka yi kusan rabin awa ana jira kafin a samo. DFC ce ta fara zura ƙwallo, aka tafi hutun rabin lokaci ɗaya da ɗaya, da aka dawo kuwa sai Leipzig ta buɗe musu wuta, aka tashi 7 da 2. Akwai labarin da ake yawan bayarwa cewa 'yan Prag sun kwana yawon mashaya a Hamburg daren wasan. Irin wannan labari kullum wanda aka ci yake bi, ban taɓa jin an ce wanda ya ɗauki kofi ya kwana a mashaya ba.

Shekara guda bayan haka aka kafa FIFA a Faris, ranar 21 ga Mayun 1904, kuma a ranar hukumar Jamus ta aika da saƙon shigarta, shi ma ta tangaraho. Tsarin FIFA shi ne kowace ƙasa da hukumarta, iyakar ƙasa ita ce iyakar ƙwallo. Shi ke nan, ƙungiyoyin Prag suka tashi daga 'yan gida suka koma baƙi, Hueppe ya bar kujera. Wannan ce korar farko da aka yi wa DFC, kuma ba da ƙiyayya aka yi ta ba, doka ce ta zo da haka. Amma ta nuna musu wani abu da ya kamata su lura da shi, wato Jamusancin bakinsu bai isa ya ba su kujera a Jamus ba.

Sun rama a fili dai. A wasannin Olamfik na 1912 a Stockholm, Ostiriya ta lallasa Jamus da ci 5 da 1, kuma uku daga cikin ƙwallayen 'yan DFC ne suka ci su: Robert Merz biyu, Robert Cimera ɗaya. Merz bai ƙara shekara uku a duniya ba, an kashe shi a fagen daga a watan Agustan 1914, farkon Yaƙin Duniya na Ɗaya, yana sanye da kakin sarkin Ostiriya.

Da yaƙi ya ƙare daular ta wargaje, aka kafa Cekosulobakiya a watan Oktoban 1918. Ka duba fa, kulob bai motsa daga tudun Letna ba, amma ga shi a ƙasa ta biyu, bayan ya buga gasar wata ƙasar ta uku. Masu Jamusanci a sabuwar ƙasar sun haura miliyan uku, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na jama'a, mafi yawansu a yankunan bakin iyaka da ake kira Sudeten. Suna da hukumar ƙwallonsu a ƙarƙashin ta ƙasa, kuma DFC ta sha cin gasarsu, babbar kishiyarta ita ce ƙungiyar garin Teplitz. Ta ci gasar ƙasa ta 'yan wasan da ba ƙwararru ba a 1931 da 1933, ta kuma buga a babban rukuni a tsakiyar shekarun 1930. 'Yan wasanta sun sa rigar Cekosulobakiya, cikinsu har da Paul Mahrer wanda ya je Olamfik na Faris a 1924. A wannan zamani Slavia da Sparta sun yi mata nisa, gaskiya ce, amma tana nan da mutuncinta, kuma katangar da ke tsakaninta da Cekawa ta fara gajarta.

Kafin in ci gaba bari in tsaya in yi magana da wani mai karatu, don na san yana nan. Tun da ya ga kalmar Yahudawa a sama ya haɗe rai, yana cewa a ransa me ya kai wannan marubuci tausayin waɗannan mutane alhali ga abin da aka yi wa Falasɗinawa. Ɗan'uwa, na ji ka, kuma abin da ke ci maka rai yana ci mini. Amma mutanen da nake ba ka labarinsu an gama da su shekaru kafin a kafa Isra'ila a 1948. Gola ne da ɗan baya da mai sayar da tikiti a ƙofar fili, waɗanda ba su ƙwace gonar kowa ba, a garin kakanninsu aka same su. Wanda duk yake jin zafin a fitar da mutum daga gidansa saboda asalinsa, ai shi ya fi kowa cancantar ya saurari wannan labari har ƙarshe. In kuwa sai mun duba wane ne aka zalunta kafin mu yarda zalunci ne, to mun koma layin Hueppe ba mu sani ba.

Hitila ya hau mulki a Jamus a 1933, kuma tun a shekarar aka fara share Yahudawa daga ƙungiyoyin wasa. Masoya Bayern su sani cewa shugaban da ya kai su ga kofinsu na farko a 1932, Kurt Landauer, Bayahude ne, dole ta sa ya ajiye muƙami a 1933, aka tsare shi a sansanin Dachau a 1938, ya tsira ya gudu Suwizalan, sai 1947 ya dawo kujerarsa. Ita ma Karlsruhe ɗin da aka yi wa saƙon jabu, gwarzonta Julius Hirsch, wanda ya buga wa Jamus wasa ya kuma yi mata yaƙi, an tura shi Auschwitz a 1943 bai dawo ba.

Guguwar ta tsallako iyaka ta hannun wani malamin motsa jiki mai suna Konrad Henlein. Ka lura da sana'arsa, daga fagen wasanni ya fito, kuma ƙungiyoyin motsa jiki su ne tsaninsa. Jam'iyyarsa ta Jamusawan Sudeten ta fi kowace jam'iyya a ƙasar samun ƙuri'a a zaɓen 1935, inda ta kwashe wajen kashi biyu cikin uku na ƙuri'un masu Jamusanci. Daga nan aka shiga matsa wa kowace ƙungiya mai sunan Jamusawa, ta waƙa ce ko ta wasa, cewa ta shigo layi. Shiga layi kuwa ma'anarsa a fili take, wato ka kori Yahudawan cikinka. Da yawa sun bi, wasu don tsoro, wasu don dama abin da ke ransu ke nan.

Aka zo kan DFC a 1938, ta ƙi. A wurina wannan shi ne babin da ya kamata a fara karantawa, kafin na tangaraho da na ƙwallon da ta ɓata. Wani zai ce ai ba jarumta ba ce, kulob ɗin da Yahudawa suka cika ta yaya zai kori Yahudawa, ai kamar a ce wa mutum ya kori kansa daga ɗakinsa ne. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, amma ba duka ba. A cikin kulob ɗin akwai waɗanda ba Yahudawa ba, kuma hanya a buɗe take gare su su karɓe ragama, su sallami abokansu, su riƙe fili da jesi da suna, su ci gaba da wasa a ƙarƙashin sabbin iyayen gida. An yi haka a wurare da dama a Jamus da Ostiriya, kuma irin waɗancan ƙungiyoyi da yawansu suna nan har yau suna bikin cika shekara ɗari da ɗoriya. DFC ba ta bi wannan hanya ba, shi ya sa ba ta kai ko shekara arba'in da biyar ba.

Sauran abin ya zo da sauri. Ranar 30 ga Satumban 1938 shugabannin Jamus da Italiya da Birtaniya da Faransa suka sa hannu a Munich aka yanke yankin Sudeten aka miƙa wa Hitila, ba tare da an bai wa Cekawa kujera a teburin ba. Ranar 15 ga Maris 1939 sojojin Jamus suka shiga Prag. A shekarar aka rufe DFC. Sojojin da ke magana da harshen da aka rubuta sunan kulob ɗin da shi, su suka zo da ajalinsa. Max Brod, abokin Kafka da ya ƙi ƙona rubuce-rubucensa kamar yadda ya bar wasiyya, a daren shigowar sojojin ya fice daga ƙasar da takardun a cikin jaka. Da ya makara da kwana ɗaya, wataƙila da yau ba mu san Kafka yadda muka san shi ba.

Akwai wani tsohon garin soja mai ganuwa da ake kira Terezin, kimanin kilomita 60 arewa da Prag. Daga ƙarshen 1941 'yan Nazi suka mayar da shi matattarar Yahudawa. Mutum wajen 140,000 aka kai can, kimanin 33,000 suka mutu a ciki saboda yunwa da cuta, aka ɗora kusan 88,000 a jiragen ƙasa zuwa sansanonin kisa na gabas. Ƙanwar Kafka, Ottla, ta nan ta bi zuwa Auschwitz a 1943. To a cikin wannan wuri, jama'a, an buga gasar ƙwallo. A tsakar gidan wani barikin soja ake yi, mutum bakwai-bakwai saboda ƙanƙantar wurin, ƙungiyoyin kuma da sunan aikin da aka sa fursunoni ake kiransu, akwai ta masu dafa abinci, akwai ta masu lambu, akwai ta ma'ajiyar tufafi. Mutane na cika barandar benaye suna kallo. Paul Mahrer na DFC, wanda shekara ashirin da suka wuce yake Olamfik, yana cikin waɗanda suka buga a wannan tsakar gida. Kowane mako sai an sake jera 'yan wasa, saboda jirgi ya tafi da wasu.

Har fim aka yi. A 1944, bayan an yi wa garin kwalliya an zagaya da wakilan Red Cross a watan Yuni, 'yan Nazi suka tilasta wa wani fursuna, ɗan wasan kwaikwayo Kurt Gerron, ya shirya fim da zai nuna wa duniya cewa Yahudawa suna cikin jin daɗi. A ciki akwai wasan ƙwallo, ga 'yan kallo suna tafi suna murmushi. Ana gama ɗauka aka kwashe mafi yawan waɗanda suka fito a ciki, har da shi Gerron, aka kai su Auschwitz a kakar wannan shekara. Guntayen fim ɗin suna nan, ana iya ganinsu a intanet, kuma ban san wani abu da ya kai su nauyin kallo ba a duk abin da ya shafi ƙwallo. Mahrer yana cikin 'yan kaɗan da suka tsira, ya koma Amurka, ya rasu a Los Angeles a 1985. A bangon wani tsohon wurin ibadar Yahudawa a Prag an rubuta sunayen mutum sama da 77,000 na Bohemiya da Morabiya da ba su dawo ba.

Su kuma Jamusawan da suka bi Henlein, da ma waɗanda ba su bi shi ba, nasu ya same su bayan yaƙi. Tsakanin 1945 da 1946 aka kori kusan mutum miliyan uku daga Cekosulobakiya, aka ƙwace gidaje da gonaki, dubbai suka mutu a hanya. Mafi ban takaici, an samu Yahudawan da suka dawo daga sansani da ƙyar, aka sake tsangwamarsu a matsayin Jamusawa, saboda a ƙidayar 1930 sun rubuta Jamusanci a takarda. Cikin shekara bakwai al'ummar da ta yi ɗaruruwan shekaru a Prag ta ƙare ƙaƙaf, mai wasan da mai kallon da mai rubuta labarin wasan a jarida.

A 2016 wasu mutane a Prag sun sake rajistar sunan DFC, suka fara da ƙungiyoyin yara. Na yaba musu, kuma ina ganin ya fi a bar sunan a cikin kundin ajiya. Sai dai ban yarda da masu cewa kulob ɗin ya dawo ba. Leipzig za ta iya cewa haka, don duk da rushewa da talaucin da ta sha, jikokin magoya bayanta suna nan a garin, a 2021 ma Lokomotive Leipzig ta haɗe da tsohuwar VfB ta gaji tarihinta. DFC kuwa ba kuɗi ne ya ƙare mata ba balle wani attajiri ya zo ya biya bashi. Abin da nake ganin ya rage a kan hukumar DFB, wadda tun 2005 take ba da kyauta da sunan Julius Hirsch, shi ne duk lokacin da za ta ambaci shugabanta na farko ta haɗa da abin da ya rubuta, duk lokacin da za ta ambaci wasan 1903 kuma ta faɗi inda mutanen kulob ɗin da aka ci suka ƙare. Shi kuwa filin faretin na Altona tuni aka gine shi, unguwar masana'antu ce yanzu a cikin Hamburg, sai wani ɗan dutse da aka kafa a gefe mai nuna cewa a nan aka buga wasan.